CUTAR DA KE KWANCE A CIKIN JIKI: TOKSOPLASMA, ƘANJAMAU DA AMANAR LAFIYA



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayarwa, Mai kashewa, wanda lafiya da cuta suke hannunsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, malamaina da iyayena, 'yan'uwa na Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, da waɗanda suka taso tun daga Kebbe da Kuchi da Girkau, da iyayenmu mata da ke saurare, ina yi muku barka da zuwa. Maudu'in da aka ɗora mini yau ya shafi lafiyar jiki. Ni ɗalibin ilmin addini ne, ba likita ba, saboda haka abin da zan faɗa na karanto shi ne daga binciken masana, na kuma zauna da ma'aikatan lafiya suka warware mini inda ya shige mini duhu. Wanda ya ji alamar ciwo a jikinsa, wurin likita zai nufa. Wannan lacca ba ta maye gurbin asibiti.

DALILIN ZAƁEN WANNAN MAUDU'I

Akwai wani abokina da muka yi karatun allo tare. Da ya girma sai ya shiga tafiya ci-rani, yana zuwa Kudu da rani yana dawowa da damina. Wata shekara ya dawo da ciwon kai mai tsanani wanda ba ya jin magani. Bayan 'yan makonni maganarsa ta fara sarƙewa, yana kiran 'ya'yansa da sunayen da ba nasu ba, hannunsa na dama ya yi nauyi, daga nan sai ya fara faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Mutanen gida suka ce iska ce, wasu suka ce sammu aka yi masa a wurin neman kuɗi. Aka sayar da awaki, aka taɓa hatsin rumbu, aka yi ta yawo da shi gidajen bokaye. Sai da ƙarfinsa ya ƙare aka ɗauke shi zuwa Sakkwato. A can aka gwada jininsa aka tarar yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, garkuwar jikinsa ta rushe, kuma wata ƙwayar cuta ta daban ta farka a cikin ƙwaƙwalwarsa. Likita ya ce da an kawo shi da wuri akwai maganin da yake aiki a kanta. Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Matarsa kuwa ta yarda aka gwada ta, aka ɗora ta a kan magani, ga ta nan da ranta da lafiyarta tana renon marayunta. Ajali yana hannun Allah, babu mai ja da wannan. Amma ta fuskar sababi, abin da ya raba mijin da matar shi ne ita ta san abin da ke jikinta da wuri, shi kuwa bai sani ba sai da lokaci ya ƙure. Sunan ƙwayar da ta farka a ƙwaƙwalwar wannan bawan Allah shi ne toksoplasma, kuma a kanta zan gina maganata.

MECE CE TOKSOPLASMA?

Toksoplasma wata 'yar ƙaramar halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Danginsu ɗaya da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A shekarar 1908 wasu masu bincike biyu, Charles Nicolle da Louis Manceaux, suka gano ta a birnin Tunis a jikin wata dabba mai kama da ɓera da ake kira gundi, kuma a wannan shekarar Alfonso Splendore ya gan ta a jikin zomo a ƙasar Barazil. An daɗe ana ganin ɓarnarta ba a san ta inda take yaɗuwa ba, sai a wajen shekarar 1970 aka tabbatar da cewa a cikin hanjin kyanwa, wato mussa kamar yadda muke cewa a nan, da danginta irin su zaki da damisa, a nan kaɗai take yin ƙwai.

Ga yadda abin yake gudana. Kyanwa ta kama ɓera ko tsuntsu mai ɗauke da ƙwayar ta ci. Bayan 'yan kwanaki sai ta fara fitar da ƙwan cutar a cikin kashinta, miliyoyi, na tsawon mako ɗaya zuwa uku. Wannan ƙwai ba ya kama mutum a ranar da aka kasayar da shi. Sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa sannan ya nuna. Idan ya nuna kuwa, yana iya yin watanni, har fiye da shekara, a ƙasa mai laima bai mutu ba. Ruwan sama ya wanke shi zuwa tafki ko rijiyar da ba ta da murfi, ko ya manne a ganyen lambu. Tumaki da awaki da kaji su ci shi a wurin kiwo, sai ƙwayar ta shige cikin tsokarsu ta dunƙule ta kwanta.

Mutum yana ɗaukarta ta hanyoyi sanannu: cin naman da bai dahu ko bai gasu sosai ba, shan ruwa ko cin ganye da 'ya'yan itacen da ƙwan ya taɓa, kai hannu baki bayan aikin ƙasa ko yankan nama ba tare da wankewa ba, shan ɗanyen nonon akuya, sai kuma daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta idan ta kamu a karon farko tana da juna biyu. Ba a ɗaukarta ta hanyar musafaha, ko zama da mai ita, ko cin abinci a kwano ɗaya.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na al'ummar duniya yana ɗauke da ita. Akasarinsu ba su taɓa sani ba, domin ga mai cikakkiyar garkuwa abin ba ya wuce ɗan zazzaɓi da kaluluwa, ko ma babu alama ko ɗaya. Sai dai jiki ba ya kashe ta gaba ɗaya. Yana tsare ta ne kawai, ta dunƙule a cikin tsoka da ƙwaƙwalwa da ido, ta zauna iya rayuwar mutum kamar fursunan da ke jiran mai gadi ya yi barci.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA A ƘASARMU

Kada wani ya ɗauka wannan labarin Turai ne. A shekarar 2013 aka wallafa sakamakon wani bincike da Dakta Dimie Ogoina da abokan aikinsa suka gudanar a Zariya. Wannan likita shi ne wanda daga baya duniya ta san shi saboda aikinsa a kan cutar ƙyandar biri. Sun ɗebi jinin manyan mutane 219: mutum 111 masu ɗauke da ƙwayar HIV, da mutum 108 lafiyayyu waɗanda ba su da ita. Abin da suka nema shi ne alamar da jiki yake barwa a cikin jini idan ya taɓa karo da toksoplasma. Sai suka sami alamar a jinin kashi 38.7 cikin 100 na masu HIV, da kashi 32.4 cikin 100 na waɗanda ba su da ita. Bisa ƙa'idar lissafin masu bincike, wannan tazara ba ta kai a kafa hujja da ita a ce ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kamuwa ba.

A shekarar 2020 kuma wasu masana suka tattara binciken da aka wallafa a Nijeriya daga 1960 zuwa 2019 suka haɗa lissafinsu wuri ɗaya, suka sami kusan kashi 33 cikin 100. Wani bincike da aka yi a kan mata masu juna biyu a nan Sakkwato, wanda shi ma ya fito a 2013, ya sami alamar a jinin fiye da mace ɗaya cikin huɗu.

Ya 'yan'uwa, a fahimci wannan da kyau, domin ɗalibin ilmi ba ya ɗora wa nassi abin da bai faɗa ba, haka ma alƙaluma. Samun alama a jini yana nufin mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ba ya nufin yana kwance yana jinya. Sannan Zariya ba Tambuwal ba ce, kuma mutum 219 ba su ne al'umma duka ba. Amma mu dubi rayuwarmu: muna kiwon tumaki da jajayen awaki a cikin gida, kyanwa tana kwana a gindin rumbu tana farautar ɓera, muna noman fadama da hannu, da yawanmu daga rijiya da tafki muke sha. Duk hanyoyin da ƙwayar take bi suna nan a Tambuwal da Kebbe. Mai hankali zai ɗauka cewa a cikin wannan taro namu akwai masu ɗauke da ita da dama, ni da nake magana ban cire kaina ba.

Natijar binciken ita ce: ƙwayar ba ta zaɓen mai HIV ta bar wanda ba shi da ita. Kowa tana shigarsa daidai. Bambancin yana ga abin da ke faruwa bayan ta shiga.

IDAN GARKUWA TA RUSHE

Allah cikin hikimarsa ya sanya wa jikin ɗan Adam wasu ƙwayoyin jini masu tsaro. Daga cikinsu akwai waɗanda likitoci suke kira CD4, su ne kamar kwamandojin rundunar. A jikin lafiyayye ana samun tsakanin 500 zuwa 1,500 a cikin ɗan ma'aunin jinin da suke aunawa. Ƙwayar HIV waɗannan take kamawa tana kashewa sannu a hankali, shekara da shekaru, mutum yana harkokinsa bai san abin da ake ciki ba. Idan suka sauka ƙasa da 200, Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mutum cikin waɗanda ciwonsu ya yi nisa. Idan suka sauka ƙasa da 100, a nan ne toksoplasma ta fi farkawa. Sai ta yi gyambo a cikin ƙwaƙwalwa, a ga ciwon kai da zazzaɓi da ruɗewa da canjin hali da shanyewar ɓarin jiki da jijjiga. Ku duba, waɗannan su ne ainihin alamomin da mutanenmu suke fassarawa da iska ko jifa.

Ba ita kaɗai ke jiran wannan dama ba. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da HIV a duniya, kuma mai HIV ya fi waninsa haɗarin kamuwa da shi ninki goma da ɗoriya. Akwai wani nau'in sanƙarau da wata ƙwaya mai suna kiriptokokus take haddasawa, wadda ake samu a ƙasa da kashin tsuntsaye irin su tattabaru; shi ma da ciwon kai yake farawa, kuma ya bambanta da sanƙarau na lokacin zafi da muka sani. Akwai gudawa mai daɗewa da ke zuwa daga gurɓataccen ruwa, wadda lafiyayye zai warke daga gare ta cikin mako ɗaya ko biyu, amma ta rame mai raunin garkuwa. Akwai farin kurji a baki da maƙogwaro mai hana haɗiya. Akwai kuma ciwon hanta nau'in B, wanda hanyoyin yaɗuwarsa suka yi tarayya da na HIV, kuma idan suka haɗu a jiki ɗaya hanta ta fi saurin lalacewa. Irin waɗannan su ake kira cututtuka masu cin dama, domin sai sun ga bango ya tsage suke shiga.

A sani kuma ba HIV kaɗai ke raunana garkuwa ba. Mai shan maganin daji, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, da wanda ya daɗe yana shan magungunan da ke danne garkuwa, duk suna cikin haɗari. A nan ina jan kunnen masu sayen ƙwayoyin sa ƙiba a kemis ba da izinin likita ba, domin da yawa daga cikinsu garkuwar jiki suke dannewa.

MACE MAI JUNA BIYU

Iyayenmu mata, wannan ɓangare naku ne, ku kuma maza ku saurara domin amana ce a wuyanku. Idan mace ta kamu da toksoplasma a karon farko tana da ciki, ƙwayar tana iya ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, ko da uwar lafiyarta ƙalau kuma ba ta da HIV. Abin da kan biyo baya shi ne ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko jariri mai taruwar ruwa a kai, ko lahani a ido wanda wani lokaci ba ya bayyana sai yaro ya girma. Idan kamuwar ta zo a farkon ciki ba ta cika kai wa ga ɗan ba, amma in ta kai ɓarnar ta fi muni; a ƙarshen ciki kuwa ta fi saurin kai wa, amma lahanin ya fi sauƙi.

Ɓari yana da sabubba masu yawa, ba kowane ne na toksoplasma ba. Abin da nake so a ɗauka shi ne, kafin a zargi kishiya ko maƙwabciya da hannu a cikin ɓarin wata, a tuna akwai sababin da ido ba ya gani wanda gwaji yake ganowa. Gidaje nawa aka raba, zumunci nawa aka yanke a kan zato!

Zuwa awo kuma yana da wata fa'ida babba. A can ake gwada HIV. Uwa mai ɗauke da ƙwayar idan ba ta sha magani ba, haɗarin ɗanta ya ɗauka yana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100. Idan ta sha magani yadda ya kamata lokacin ciki da haihuwa da shayarwa, yana sauka ƙasa da kashi 5. Mijin da ya hana matarsa zuwa awo ya tambayi kansa amsar da zai bayar game da wannan jariri.

TSARKI DA TSABTA: WARWARE WATA SHUBUHA

Na san wani ɗalibi zai ce: Malam, ai mun karanta a fiƙihu cewa kyanwa mai tsarki ce, sauran ruwan da ta sha ana alwala da shi, kuma babban sahabi Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, daga 'yar kyanwa ya samo alkunyarsa. Wannan duka gaskiya ne, kuma babu karo tsakaninsa da maganar likitoci. Hukuncin tsarki yana magana ne a kan abin da salla take inganta da shi. Maganar likita kuwa a kan abin da ke cutar da jiki take. Ruwan tafki yana iya zama mai tsarki mai tsarkakewa a shari'a, alhali yana ɗauke da ƙwayar kwalara. Sannan cutar da muke magana a kanta a kashin kyanwa take, kuma kashin kyanwa babu wanda ya ce a bar shi a tsakar gida.

Saboda haka kada wani ya fita daga nan ya shiga kashe kyanwoyi ko azabtar da su. Mun san gargaɗi mai tsanani da ya zo game da matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa. Bayan haka kyanwa tana rage mana ɓeraye masu cinye hatsi masu kuma yaɗa zazzaɓin Lasa. Abin da ake nema shi ne a kiyaye kashinta, a kiyaye ruwa da abinci.

MATAKAN KARIYA A CIKIN GIDA

Na farko, nama. A dafa shi ya dahu, a gasa shi ya gasu har ciki, kada a bar ja ko ruwan jini a tsakiyarsa. Masu tsire da balangu su ji tsoron Allah, kada gaggawar ciniki ta sa a miƙa wa mutane naman da bayansa kawai wuta ta lasa. Shanya nama ko zuba masa gishiri kaɗai ba a dogara da su wajen kashe ƙwayar. Uwar gida kada ta ɗanɗana nama kafin ya nuna. Wuƙa da faranti da turmin da ɗanyen nama ya taɓa a wanke su da sabulu kafin a yanka albasa ko tumatir da su. A kula da wannan musamman a lokacin layya da suna.

Na biyu, ruwa. A yi wa rijiya baki da murfi, a rufe randa da tulu. Ruwan tafki ko na gulbi a tafasa shi kafin a sha, musamman ga mai ciki da mai raunin garkuwa. Kada a raina wannan: a shekarar 1995 ruwan sha ne ya yaɗa toksoplasma a birnin Victoria na ƙasar Kanada, ƙasar da ta fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba.

Na uku, ganye da kayan lambu. Latas da kabeji da karas da duk abin da ake ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta. Nono a tafasa shi, domin bayan toksoplasma ɗanyen nono yana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar bakkale.

Na huɗu, ƙasa da hannu. A kwashe kashin kyanwa kullum tun bai nuna ba, a binne shi nesa da rijiya, kuma kada mai ciki ta yi wannan aiki. A wanke hannu da sabulu bayan aikin gona da shara da kuma kafin cin abinci. Mai cikin da kwaɗayin cin ƙasa ya kama ta, ta faɗa wa ma'aikaciyar awo, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma ƙasar tana iya ɗauke da ƙwan cuta.

Na biyar, dabbobi. Toksoplasma tana sa tumaki da awaki ɓari. Idan tunkiya ko akuya ta yi ɓari, kada mai ciki ta taɓa ɗan ko mabiyiyar. A binne su da zurfi yadda kyanwa da kare ba za su tono ba. Idan ɓarin ya yawaita a garke a nemi malamin dabbobi.

GWAJI, MAGANI DA RIƘON AMANA

A shekarar 1981 aka fara bayyana cutar ƙanjamau a Amurka, a 1983 aka gano ƙwayarta a Faransa, a 1986 Nijeriya ta ba da rahoton samunta. A wancan zamani jin sunanta daidai yake da jin hukuncin kisa, har wasu suka yi mata laƙabi da kabari kusa. Wannan zamani ya wuce. Tun 1996 aka sami haɗin magunguna masu danne ƙwayar, kuma yau akasarin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗora duk wanda aka samu da ƙwayar a kan magani nan take, ba sai garkuwarsa ta faɗi ba. Wanda ya dage da shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, garkuwarsa tana farfaɗowa, kuma ba ya sa wa matarsa ta hanyar auratayya.

Babban binciken ƙasa da aka yi a 2018, aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 idan aka haɗa kowa. Shiyyar Arewa maso Yamma ta kasance ƙasa da kashi 1. Mun gode wa Allah a kan haka. Sai dai ƙarancin nan yana da nasa haɗari, domin inda ake ganin cuta ta yi nisa, a nan ne ba a gwaji, sai mutum ya zo asibiti a kan ƙafar wasu.

Ga wanda garkuwarsa ta yi ƙasa, likitoci suna ba da maganin da muka sani da Septrin a matsayin riga-kafi. Yana da arha, kuma yana kare mutum daga farkawar toksoplasma da wani nau'in ciwon huhu, yana rage zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma maganin riga-kafin tarin fuka. Idan toksoplasma ta riga ta farka, ana yin jinyar aƙalla mako shida, kuma da yawa suna samun sauƙi a cikin mako biyu na farko idan an fara da wuri. Amma kada kowa ya je kemis ya haɗa wa kansa. Waɗannan magunguna suna da ƙa'ida, wasu jikinsu ba ya karɓarsu. A fara da babban asibitin Tambuwal ko na Dogon Daji ko na Kebbe, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura mutum Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Wanda ke kan magani kada ya yanke don ya ji sauƙi, ko don wani mai lasifika a kasuwa ya ce yana da sassaƙen da ke warkar da ƙanjamau cikin kwana bakwai. Yanke magani yana ba ƙwayar damar bijire masa. Idan azumi ya zo a shawarci likita game da lokacin sha, kuma mara lafiya shari'a ta yi masa rangwame. Mu lura kuma cewa kaso mai yawa na waɗannan magunguna da tallafin ƙasashen waje ake samar da su, kuma a watan Janairu na 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta, ayyuka da dama sun girgiza a Afirka. Wannan ya isa ya nuna mana wajibcin hukumominmu da mawadatanmu su ɗauki nauyin lafiyar jama'arsu.

Game da gwaji kafin aure, jihar Kano ta mai da shi doka a 2024. Mu ba sai mun jira doka ba. Waliyyi da ango su nemi takardar gaskiya daga asibiti, ga budurwa da bazawara, ga saurayi da mai ƙarin aure. Wanda ya san yana da ƙwayar ya ɓoye, ko ya sayi takardar ƙarya, ya ci amana kuma ya cutar da baiwar Allah.

HAƘƘIN MARA LAFIYA A KANMU

Me ya sa mutane suke gudun gwaji? Tsoron bakinmu suke yi. Mun mai da wannan cuta tambarin zina, alhali akwai wadda ta ɗauka daga mijinta na sunna, akwai jaririn da aka haifa da ita, akwai wanda ya samu ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, ko allura ko askar da aka yi amfani da ita a jikin wani. Jifan Musulmi da alfasha ba tare da shaida ba ƙazafi ne, kuma kun san girmansa. Wanda ma ya ɗauka ta hanyar saɓo, ƙofar tuba a buɗe take, kuma haƙƙinsa na gaisuwa da jinya bai faɗi ba. Dokar ƙasa ta 2014 ita ma ta haramta nuna wa masu ɗauke da ƙwayar bambanci. Ba a ɗaukar HIV ta musafaha ko sahun salla ko buta ko cizon sauro. Duk wanda ya san sirrin mara lafiya, ma'aikacin asibiti ne ko liman ko ɗan agaji, to amana ce a hannunsa.

Neman magani kuma ba ya warware tawakkali. Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, a shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa bai shiga inda annobar take ba, ya kuma nuna wa masu tambaya cewa juyawar ita ma tana cikin ƙaddarar Allah. A nan ƙasarmu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani, har da ciwon ido da basur. Ruƙya ta shari'a da addu'a muna yinsu, ba mu bari, amma a yi su a gefen gadon asibiti. Wanda ya fara ruɗewa ko jijjiga ko ɓarin jikinsa ya saki, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana.

Ina roƙon limamai su sanya wannan a huɗuba, malaman Islamiyya su koya wa mata da yara wanke hannu da rufe ruwa, 'yan agaji su taimaka wajen kai marasa lafiya da rakiyar masu karɓar magani. Ɗalibanmu da ke karatun likita da na dabbobi a Sakkwato kuma su juyo da bincikensu garuruwanmu, mu kuwa idan sun zo da izinin hukuma mu ba su haɗin kai. Kowane magidanci da ke nan ya yi niyyar zuwa gwaji shi da iyalinsa kafin wata mai zuwa, ni ma ina cikinku.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare zuriyarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.